Furar da Ba Ta Shiga Firji Ba

Na san kun sha jin tsofaffin garinmu suna kirana Hana-fura, kun kuma sha ganin ina murmushi kamar abin bai dame ni ba. Ya dame ni. Har gobe in aka faɗa sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kowa da irin labarin da yake bayarwa a kan sunan. Wasu su ce rowa ce, wasu su ce girman kan ɗan boko ne, alhali ni bokon nawa bai wuce in karanta lamba in rubuta sunana ba. Mahaifiyarku ta san yadda aka yi, amma ba za ta taɓa gaya muku ba, domin maganar ta shafi mahaifinta. Shi ya sa na ga gara ku ji daga gare ni tun ina da sauran hankali.

Ni maraya na taso. Daga Garun Mallam aka kai ni Kano wajen wani mai gyaran firji, na zauna a shagonsa har hannuna ya faɗa. Ina nan aka ce ruwan dam ya iso ƙasar Kura da Bunkure, an haƙa kanal, mutane sun koma noman alkama da tumatir da rani tsaka. Ruwan ya kawo arziki, ya kuma kawo tsargiya da zazzaɓi, don haka aka buɗe wani ɗan ɗakin gwaji a jikin asibitin shan-magani na garin nan, aka ce ana neman wanda zai kafa firji ya kuma riƙa kula da shi. Haka na zo, da jakar kayan aiki da riga biyu, ban san kowa ba. Kakanku na wajen uwa shi ya karɓe ni. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi. Bakina bai taɓa furta shi ba, hannuna ma ba zai fara yanzu ba. Shi ne mai raba ruwa a kanal ɗinmu, in ya ce yau ruwan wane ne, to, an gama magana. Ya ba ni ɗaki a ƙofar gidansa, ya yankar min gefen gonarsa na shuka albasa, ya koya min yadda ake tare ruwa da fartanya ba tare da ruwan ya cinye kunyar gona ba. Da ya ga ban da shaye-shaye ban da yawon banza, sai ya ba ni 'yarsa Hauwa. Ni dai ban san uba ba, shi na sani.

Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, har da musu. Mu a lokacinmu, daga ranar da aka ɗaura aure mutumin da nake hira da shi a gona ya zama wanda ba na iya kallon idonsa. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in tsuguna, ko in saki hanyar gaba ɗaya in bi ta cikin alkamar mutane. Ba na cin abinci a gabansa, ba na ce masa a'a, kuma akwai kalmomin da ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗa yana ji ba. Ban ɗauki wannan a matsayin wahala ba. Ina jin daɗinsa ma, don alama ce ta cewa ni ma na zama mai dangi.

Firjin na kananzir ne, tunda garin babu wutar lantarki. A bayan akori-kura aka kawo shi, rabin gari suka biyo motar. Na zaɓar masa kusurwar da rana ba ta bugu, na janye shi daga bango don iska ta riƙa zagayawa, sannan na ɗora faranti da ruwa a kansa ina cusa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafafunsa har ruwan ya kwanta daidai, domin irin wannan firji in ya karkace ko kaɗan ba ya sanyi. Na tace kananzir da ƙyalle, na daidaita lagwani, na kunna. Wani tsoho da ke leƙe ta taga ya ce:

"Yaro, wuta ka kunna fa. Mu an ce mana abin sanyi ne."

Na ce masa, "Baba, ai da wutar yake yin sanyin."

Ya juya ya ce wa na bayansa, "Ku mu tafi, an kawo mana mahaukaci daga birni."

Washegari da na fito da gutsuren ƙanƙara na ɗora masa a tafin hannu, ya yar da ita yana salati, ya ce ta ƙone shi. Daga ranar na zama Injiniya. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi min daɗi, kuma a teburin mai shayi na ƙara wa firjin nan gishiri fiye da yadda kamfanin da ya ƙera shi zai yi.

Aikin kuwa reno ne, kamar na jariri. Da safe in duba harshen wutar, in shuɗi ne lafiya, in ya yi ja ko yana hayaƙi sai in kashe in datse lagwani in goge bututun hayaƙi. In duba ma'aunin sanyi safe da yamma. In ƙanƙara ta yi kauri a ciki in narkar da ita, in shafa robar ƙofa in ji ko iska na shiga. Malam Yakubu, jami'in da ke gwajin, mutum ne mai sauƙin kai, amma a kan firji ba ya wasa. Ranar farko ya tsayar da ni ya ce:

"Garba, abu biyu. Ba a buɗe shi sai da dalili, kuma abin da za a kai baki ba ya shiga cikinsa, ko na Sarki ne."

A ciki akwai magungunan gwaji, da allurar rigakafin yara, da maganin sarar maciji, duk a sama cikin akwatinsu. A ƙasa kuma akwai abin da ban taɓa faɗa a teburin mai shayi ba: kwalaben fitsarin masu tsargiya, jajaye kamar zoɓo, da jini, da bayan gida, da kakin masu tarin fuka da ake tarawa a kai Kano. Ni nake karɓa, ni nake jerawa, in an gama kuma ni nake wanke kwalaben a bayan ɗaki. Wannan ɓangaren na aikina ban gaya wa kowa ba, har Hauwa. Amarya ce, tana tinƙaho a cikin ƙawayenta cewa mijinta Injiniya ne, ni kuma kunya nake ji ta san hannun da take zuba wa tuwo abin da ya wuni yana wankewa. Kullum sai na cuɗa hannuna da sabulu har fata ta yi fari kafin in koma gida.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin shekarun tamanin, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. An girbe alkama, ƙasa ta tsattsage, ruwan randa kansa sai ka ji shi kamar an ɗumama. Firjin ma da ƙyar yake riƙe sanyinsa. In aka buɗe ƙofar sau ɗaya da rana sai ma'auni ya hau, ya ɗau sa'o'i bai sauko ba, har na riƙa jiƙa buhu ina ratayawa a taga. Ana cikin haka Hauwa ta je gida ta dawo da saƙo. Tana kwance goyon Sani, babban wanku, ta ce:

"Malam, Baba ya ce jibi abokinsa Alhaji na Kura zai zo shan ruwa. Yana so a sa masa fura a injin naka ta yi sanyi."

Na ce, "To."

Kun san irin wannan "to" ɗin. Ni a wajena ma'anarsa na ji, zan nemi dabara. Ita kuma ta ɗauke shi ta kai wa mahaifinta a matsayin an gama. Na so in ce mata ba zai yiwu ba, amma na san za ta ce don me, kuma amsar don me ɗin ita ce abin da nake ɓoyewa. Na yi niyyar in roƙi Malam Yakubu ya je da kansa ya ba da haƙuri, tunda shi ba surukinsa ba ne, sai ga shi an kira shi Kano washegari da sassafe. Tafiyarsa ta sa kwalaben da ba a gwada ba suka taru, ƙasan firji ya cika maƙil. Na ce a raina ai aike za a yi, in ɗan aike ya zo sai in san abin da zan gaya masa.

Ba a yi aike ba. Bayan la'asar ina durƙushe ina datse lagwani, ƙofar ɗaki a buɗe, sai na ji sallama da muryar da na fi sani a duniya. Kakanku ne da kansa, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ga Alhajin Kura a gefensa, ga ƙanensa Baba Isa riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. A bayansu kuma mutanen da ke zaman jiran magariba a gindin darbejiya sun taso sun biyo su. Ashe ba furar kaɗai ba ce. So yake ya nuna wa abokinsa injin da surukinsa ke sarrafawa. Fuskarsa cike da fara'a, ban taɓa ganinsa haka ba.

Na tashi da sauri na zo bakin ƙofa na tsuguna na gaishe su. Na gaida shi, na gaida baƙo, na gaida Baba Isa, na sake komawa kan gajiya da azumi da iyali, ina jan gaisuwar kamar za ta cece ni. Da ta ƙare, ya ce:

"Madalla. Alhaji, ka ga yaron da nake ba ka labari. To, ba mu hanya mu ga abin mamaki."

Ban tashi ba. Ƙofar ƙarama ce, tsugunona ya cike ta. Kaina a ƙasa na ce:

"Baba, a yi haƙuri. An hana."

Ya yi dariya, ya ɗauka kunya ce irin ta suruki. Ya ce, "Wa ya hana? Ba kai ne mai injin ba?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ƙwarya ɗaya ce, yaro. Kafin a kira salla mun ɗauke abarmu."

Na ce, "A yi haƙuri, Baba."

Sai na ji dariyar ta bar muryarsa. Ya ce, "To, mene ne a ciki da ya fi ƙarfin fura?"

Wallahi amsar tana bakina. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta da an wuce wurin. Amma in dubi surukina, a gaban baƙonsa, a gaban ƙanensa, da azumi a bakinsa, in ambaci fitsari da bayan gida? In ce masa furar da zai sha ruwa da ita yake so a ajiye a kan kakin masu tari? Harshena ya ƙi ɗagawa. Ƙarya kuma ban iya yi masa ba, balle in ce makulli na wajen Malam Yakubu, ga shi a rataye a wuyana kowa na gani. In tashi in ba su hanya, na san Baba Isa zai buɗe firjin su ga komai da idonsu, ko kuwa a tura ƙwaryar ciki maganin maciji ya ɗumame, tsofaffi uku su sha abin da ban san me ya faɗa ciki ba. Sai na ci gaba da tsuguno, gumi na ɗiga daga haɓata, ina kallon ƙafafunsa. Har yau zan iya zana muku faso ɗin da ke dugadugansa.

Alhajin Kura ya yi gyaran murya ya ce, "Bar shi, Malam. Aikin gwamnati ne, yaran yanzu sai haƙuri."

Wannan "yaran yanzu" ta fi mari ciwo. Kakanku ya juya, mutane suka dare suka ba shi hanya, Baba Isa ya bi shi da ƙwarya. Wani daga cikin 'yan gindin darbejiya ya ce, "Kai, Injiniya ya hana fura!" aka kwashe da dariya. Kafin a sha ruwa labarin ya zaga gari, kafin Salla ya kai kasuwar Kura.

Da na koma gida Hauwa ta riga ta ji. Ta ajiye min kunu da ƙosai ba ta dube ni ba. Can ta ce:

"Mutumin da ya ba ka ɗaki, ya ba ka gona. Me ya yi maka?"

Na ce doka ce. Ta ce in dokar ce me ya sa ban faɗa tun ranar da ta kawo saƙo ba. Na tashi na tafi masallaci. Kakanku kuwa bai yi min faɗa ba, bai aiko an yi min ba, bai karɓe gonarsa ba, ruwana na kanal bai taɓa makara ba. Da ma ya zage ni da na samu sauƙi. In na tsuguna gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce, ba ya ƙara tsayawa ya ce yaya albasa. Ranar Salla na je gaisuwa da goro, aka ce in ajiye, yana hutawa.

Na daure har damina ta sauka, sannan na ga ba zan iya ba. Wata ranar Asabar da hantsi, babu kowa a asibiti, na ce wa Hauwa ta saka mayafi ta biyo ni. Na kai ta ɗakin gwaji, na buɗe firjin, na nuna mata ƙasan, na rufe. Sannan na zaga da ita bayan ɗaki na nuna mata bahon da nake wanke kwalabe. Na ce:

"Wannan shi ne aikin Injiniyan naki."

Ta daɗe tana kallon bahon, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ina jira ta ce in mai da ita gidansu. Sai ta ce:

"Yanzu saboda wannan ka bari gari ya yi ta cin namanka? Ni da nake wanke kashin ɗanka kullum?"

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A ranar ta tafi wajen Inna, mahaifiyarta, ta zayyana mata komai, Inna kuma ta gaya wa kakanku. Na yi murna, na ce shi ke nan, gobe zan koma ɗansa.

Ban san mutumin ba kamar yadda nake zato. Hauwa ta ce da Inna ta gama yi masa bayani, sai ya ce, "Wato ni na ɗauki baƙona, na tara jama'a, na je na tsaya a kan yaron nan ina matsa masa ya sa min abinci a cikin najasa. Shi kuma ya rufa min asiri ya ɗauki zagin." Daga nan ya shiga ɗaki. Ni da nake neman in wanke kaina, ashe kunyar na ɗauka na ɗora masa, kuma tasa ta fi tawa nauyi, don shi babba ne, ba shi da wanda zai tsuguna wa. Ya ba Hauwa saƙo ta kawo min:

"Ki ce wa mijinki ya yi daidai, Allah Ya yi masa albarka. Amma ya yi min alfarma, kada ya zo gaishe ni. Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

Na ce kwana biyu ne zai wuce. Bai wuce ba. Duniya ta juya, yanzu shi ne in ya hango ni a kan kanal yake sakin hanya ya bi ta cikin gona, dattijo mai furfura yana tsallake kunyoyin gona saboda ni. In na shiga masallaci ta wannan ƙofa sai ya matsa can ƙarshen sahu. Da kaka buhun shinkafa zai iso gidana ba tare da saƙo ba. Ni kuma in na je Kano in sayo masa turare in ba Hauwa ta kai. Sau da yawa na yi shiri in je in faɗa zaurensa ko yana so ko ba ya so, sai in tuna alfarma ya roƙa, kuma ban taɓa ƙin bin maganarsa ba sai sau ɗaya, na ga abin da ta haifar. Mutanen gari ba su san dalili ba, suka ce har yanzu fushin fura ne. Ban gyara musu ba, don in na gyara, shi za a koma yi wa dariya.

Haka muka yi shekara uku, gida da gida ba nisa, kowa na ƙaunar kowa, kowa na gudun kowa. Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako ba. Na je na zauna a ƙofar gida tare da jama'a, Baba Isa ya fito ya ce in shiga mana, na ce a fara tambayarsa. Ya koma, ya daɗe, ya fito ya ce ya samu barci, in bari sai ya farka. Da azahar aka fito aka ce ya cika.

Da aka ɗauko shi za a kai makwanci, Baba Isa ya kamo hannuna ya ja ni gaba, ya ce in kama makara ta wajen kai, nan ne wurin ɗa. Na kai hannu, na kasa. Na zame na koma baya na kama ta wajen ƙafafu, a nan na riƙe shi har bakin kabari.